Kwaɗon ruwa da kwaɗon ƙofa

Da hannuna na haƙa ɗan tafkin da ke bayan gidanmu, lokacin babban ɗana yana da shekara shida, ya san ruwa ya kuma san tsawa. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, tsakiyarsa ta kai zurfin santimita 70. Na shimfiɗa masa baƙar roba mai kauri, na jera duwatsu a baki, na dasa bado, na zuba jajayen kifaye guda tara. Kwaɗi ba ni na gayyace su ba, da kansu suka zo a daminar farko suka mai da wurin nasu. In na dawo daga aiki a gajiye, nan nake zama har duhu ya rufa. Duk cikin gidan babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan ruwa.

Sai aka haifi ƙanwarsa. Tana jaririya babu wanda ya tuna da tafki, domin inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ta fara rarrafe muka ce da sauran lokaci. Ta fara tafiya muka ce ai muna kallonta.

Wata Asabar da yamma, tana da wata goma sha biyar, mai ɗakina za ta shiga wanka ta miƙo min ita.

"Abban yara, ga ta nan. Ka sa mata ido don Allah."

"Ai ina nan," na ce.

Muna zaune a ƙofar baya, tana wasa da murfin gwangwani a gabana, sai waya ta yi ƙara a ɗaki. Na shiga na ɗauko, na duba wanda ya kira, na fito. Murfin gwangwani na nan, ita babu. Na hango ta can durƙushe a kan dutsen bakin tafki, hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu, ta miƙa wuya tana bin wani kifi da ido, duwawunta sun ɗaga sama. Ban san yadda aka yi na isa wurin ba. Na cafko ta ta bayan riga, ta juyo ta dube ni tana dariya, tana nuna ruwa tana cewa "ifi".

Ko jiƙewa ba ta yi ba, sai hannun riga. Amma da dare, bayan kowa ya kwanta, na ɗauki agogo na maimaita abin da na yi: shiga ɗaki, ɗaukar waya, duba ta, fitowa. Daƙiƙa 40. Abin da ya hana ni barci shi ne a cikin daƙiƙa arba'in ɗin nan ban ji komai ba, kuma da ta faɗa ma ba lallai in ji ba.

A da ina zaton wanda ruwa zai ci yakan yi ihu, yana fantsama ruwa yana ɗaga hannu. Ƙaramin yaro ba haka yake nutsewa ba. Kansa ya yi wa jikinsa nauyi, shi ya sa in ya sunkuya sai kan ya ja shi gaba. Fuska na shiga ruwa sai ya ja numfashi don firgita, ruwa ya shiga, murya ta toshe, ga shi ba shi da dabarar dafa ƙasa ya ɗago. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, wato kamar yatsu uku a jere, ya isa. Cikin minti biyu yaro na iya suma, daga minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba kuma ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ni kuwa sau nawa na tsaya a waya fiye da minti shida ina ce wa mutum "yanzu zan kashe"? Da na ci karo da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, sai na rufe kwamfutar na je na leƙa ɗakin da take barci.

Da safe na faɗa wa mahaifiyarta abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "A cike shi."

"Kifayen fa?"

"Kifayen ne suka dame ka?"

Na rasa amsa. Na koma bincike ina fatan in samo wanda zai goyi bayana, sai na tarar ƙungiyar kare haɗurra ta Birtaniya, RoSPA, bayanta ta bi: shawararsu ta farko ga mai ƙananan yara ita ce ya janye ruwan ya cike ramin da yashi ya zama wurin wasa, in yaran sun girma ya sake tonowa. Zan faɗi gaskiya a nan don kada wani ya ɗauki labarina hujja. Mai ɗakina ce mai gaskiya, cikewa ta fi duk abin da na yi daga baya. Son kifi ne ya hana ni, kuma wanda ya zaɓi doguwar hanya dole ya yarda da ciwon ƙafa. Muka yi yarjejeniya: ta ba ni wata ɗaya. In wata ya cika ba ta gamsu ba, motar yashi za ta zo, ba gardama. Kafin nan na mayar da sakatar ƙofar baya can sama inda ni kaina sai na miƙa hannu, kuma yarinya ba ta taka bayan gida sai a hannun babba.

Dabarata ta farko abin kunya ce. Ina da wata koriyar raga da nake shimfiɗawa don tare ganyen bishiya, sai na ja ta na ɗaure da turaku, na ja baya na duba, na ga ruwa a rufe, raina ya yi fari. Mai ɗakina ta zo ta tsaya, ta taɓa ragar da ƙafa.

"Ka gwada ta?"

Na cika ƙaramin buhu da yashi har ya kai kilo 12, ya ɗan fi nauyin yarinyar, na ɗora a gefe na sake shi. Ragar ta lotsa, buhu ya gangara tsakiya ya nutse, ragar ta naɗe shi kamar kifi a koma. Da na zo ciro shi sai da na yanke ta da wuƙa. Muka dubi juna babu wanda ya ce uffan. Abin da na kira kariya tarko ne, har ya fi buɗaɗɗen ruwa muni, domin yaro zai ga kamar ƙasa ce ya taka, babba kuma zai ga a rufe ya saki jiki. Wayar kejin kaji da na yi niyyar gwadawa bayanta ko kwance ta ban yi ba.

Daga ranar buhun nan ya zama alƙalinmu. Duk abin da na ƙera sai an ɗora masa shi.

Abin da ake buƙata ragar ƙarfe ce mai tauri wadda za ta ɗauki nauyin yaro ba ta lanƙwasa ba. Ma'aunin da RoSPA ta bayar shi na rubuta a takarda na kai wa mai walda: rodi mai kaurin milimita 6 zuwa 8, ramukan kuma kada su wuce santimita 8 kowane gefe, don kada kai ko ƙafa su shige su maƙale. Ya karanta, ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Yallaɓai, kifi za ka rufe ko kura?"

Na ce masa 'yar wata goma sha biyar ce. Dariyar ta tsaya. Duk da haka ya so ya faɗaɗa ramukan zuwa santimita 15 don a rage rodi a kuma rage nauyi, na ce a'a, ya auna ƙafar jikarsa in yana da ita. Ya ce yana da, kuma bai sake tayar da zancen ba. Shi ne ma ya kawo shawarar da ban yi tunaninta ba, cewa a yi ragar gida uku maimakon falle ɗaya, yadda mutum biyu za su iya ɗaga kowane gida in za a share tafkin, kuma a ɗaure kowanne da noti a jikin siminti. Ni da na yi niyyar in ɗora ta kawai a kan duwatsu. Ya ce, "Abin da aka ɗora, ana iya turewa."

Wannan ya jawo aikin da ya fi cin rai. Sai da na kwashe duwatsun baki duka, na zuba siminti zagaye da tafkin, na binne ƙusoshin noti a ciki, na jira ya bushe kwana bakwai ina yayyafa masa ruwa, ina kuma kare tafkin da leda don ruwan siminti guba ne ga kifi. Ranar da aka ɗaura ragar, buhu ya zauna daram. Sai na hau da kaina. A gefe ba ta motsa ba, amma a tsakiya ta ɗan yi ciki har ta taɓa ruwa. Mai walda ya dawo ya gitta ƙarfe biyu masu kusurwa a ƙarƙashi. Na sake hawa, na yi tsalle kaɗan, kwaɗi suka watse, ragar ko gezau.

Na ɗauka na gama. Kwana biyar bayan haka aka kwana ana ruwan sama, da safe na fito na tarar babu raga, ta ɓace a ƙarƙashin ruwa da kusan yatsu huɗu. Ga ƙarfe mai ɗaukar ƙato, ga kuma ruwa kwance a kansa wanda ya isa ya rufe hancin yarinyar da ta faɗi rubda ciki. Akwai masu sa irin wannan raga a ƙarƙashin ruwa da gangan don kada ta ɓata kyan tafki, ni kam ban yarda da hakan ba ga mai ɗan tatata. Na huda gefen simintin na sa bututun da zai riƙa zubar da rarar ruwa, bakinsa santimita 5 ƙasa da ragar, ya bi ya fita can cikin lambatu. Bakin bututun yakan toshe da ganye, don haka duba shi ya shiga cikin aikin kowace safiya da damina.

Mako uku sun tafi. Na kira mai ɗakina na nuna mata, ta taka ragar da kanta, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ranar da ka ɗaga ta za ka share ruwan fa? Ko ranar da ka manta noti ɗaya?"

Haka shinge ya shigo.

A nan ne na koyi abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Na so in ja shinge daga bangon gida zuwa katanga, ya zama bayan gidan duka a killace, ƙofar baya ta buɗe kai tsaye ciki. Ashe wannan shi ne kuskuren da aka fi yi da wuraren ninƙaya na gida. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta nuna cewa shingen da ya kewaye ruwan ta gefe huɗu, ya raba shi da gidan gaba ɗaya, yana rage haɗarin nutsewar yaro da kashi 83 cikin 100 idan aka kwatanta da mai gefe uku wanda bangon gida ne cikon na huɗunsa. Dalilin a fili yake in ka tsaya ka yi tunani: yaron da ake tsoro ba daga titi zai zo ba, daga ɗakinka zai fito.

Ma'aunin na aro daga ƙa'idar da Ostareliya ta kafa wa wuraren ninƙaya, don ita na ga ta fi tsauri. Tsayi mita 1.2. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 10, haka ma tsakanin ƙasa da gindin shingen. Sandunan a tsaye, ba a gicciye ba, don gicciyayyen ƙarfe tsani ne. Ƙyaure ya buɗe zuwa waje, wato yaron da ya tura shi ƙara rufe shi yake yi, ya kuma rufe kansa da sifirin, sakatarsa ta faɗa da kanta, a tsayin mita 1.5. Sannan kada a bar wani abin takawa cikin santimita 90 daga jikin shingen.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa ni rarrafe. Bayan an kafa shingen na durƙusa na zagaya shi da hannu da gwiwa, idona daidai tsayin nata, ɗana yana bina yana dariya. Daga can ƙasa gidan wani gida ne daban. Tukunyar fure da na ajiye don ado matakala ce. Kujerar roba da nake zama a kai ba ta kai nauyin da zai hana ta ja ba. A kusurwar da ƙasa ta ɗan gangara kuma akwai rata a gindin shinge wadda ƙwallon ɗana ya wuce ta ciki ba tare da ya taɓa komai ba. Na kwashe tukwane, na kai kujera cikin shingen, na cike ratar da bulo da siminti. Ina nan durƙushe kuma idona ya faɗa kan wayar ɗan injin da ke juya ruwan tafkin, tana kwance cikin ciyawa. Mai gyaran wuta ya zo ya binne ta cikin bututu, ya sa na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa, mai milliamfiya 30.

Wata ya cika, motar yashi ba ta zo ba. Na sayi kwaɗo na rataya a ƙyauren, ɗana ya ce yanzu kwaɗin gidan sun ƙaru da ɗaya, sai dai wannan ba ya kuka.

Ɗan nawa ne kuma ya fara karya mana tsari, ba da mugun nufi ba. Wata rana na tarar da ƙyaure a buɗe an tokare shi da dutse. Yana ɗebo abincin kifi ne, ƙyauren yana ta rufewa yana ba shi haushi, kwaɗon kuwa ni na manta ban datse ba tun safe. Na zaunar da shi.

"Abba, minti ɗaya fa kawai zan yi."

Na ɗauko agogo na ba shi, na ce ya tsaya a ƙofar baya, ya saki ƙanwarsa, ya ƙirga har ta iso shinge inda nake. Daƙiƙa 14. Ya dubi agogon ya dube ta. Bai sake tokare ƙyaure ba. Amma na kiyaye abu ɗaya: ban taɓa ce masa shi ne mai tsaronta ba. Ɗan shekara tara ƙwallo na iya ɗauke masa hankali, kuma in wani abu ya faru ba kayan da za a ɗora wa yaro ya ɗauka har tsufansa ba ne. Mantuwata da kwaɗon ita ma ta nuna min matsayinsa. Kwaɗo sai an tuna da shi, sifirin kuwa ba ya jiran tunanin kowa. Yanzu kwaɗon na dare ne da ranar baƙi.

Ranar baƙi ita ce ranar da na fi tsoro. Manya goma a tsakar gida, yara bakwai suna guje-guje, kowa na ganin wani yana kallo. Likitocin yara na Amurka suna da ƙa'ida mai sauƙi, cewa ƙaramin yaro a kusa da ruwa kada ya fi nisan hannunka. Mu abin da muke yi shi ne mutum ɗaya ya ɗaura wani jan ƙyalle a hannu, shi ne mai kallon yara na minti ashirin, ba waya ba hira, in ya gaji ya kwance ya ɗaura wa wani. Wani yayana ya yi min dariya a karon farko, ya ce na mai da gida barikin soja. Da ƙyallen ya zo hannunsa, shi ya tsinci ɗan baƙo yana leƙa bokitin wanki da aka bari da ruwa a bayan kicin. Duk wahalar da na sha a kan tafki, ga bokiti a buɗe. Tun daga nan ake kifar da bokitai da zarar an gama, duron tara ruwan sama kuma ya samu murfi mai ƙugiya.

Abu na ƙarshe da muka yi, ni da mai ɗakina muka je kwas na taimakon gaggawa na yini ɗaya. Na shiga da tunanin da na taso da shi, cewa wanda aka tsamo daga ruwa sai a juya shi kai ƙasa ko a danna masa ciki ruwan ya fito. Malamar ta ce in cire wannan daga kaina, ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya koma huhu. Wanda ruwa ya ci iska ya rasa, don haka da iska ake farawa. In yaro ba ya numfashi, ka kwantar da shi, ka buɗe hanyar iska, ka hura masa sau 5, sannan danna ƙirji sau 30 da hurawa 2, a yi ta maimaitawa, dannawar tana tafiya 100 zuwa 120 a minti, tana shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wani kuma yana kiran motar asibiti. Ko yaro ya farfaɗo yana kuka, a kai shi likita ya duba. Da aka miƙo min 'yar tsanar gwaji, girmanta kusan ɗaya da na 'yata, hannuna ya yi ta rawa har malamar ta ce, "Malam, ja numfashi tukuna." Mai ɗakina ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Yarinyar yanzu ta shiga shekara uku. Ta fara koyon iyo, abin da bai sa na sassauta ko noti ɗaya ba, don mai iyo a wurin koyo da malami a gefe daban yake da wanda ya faɗa da kaya a jiki ba shiri. In za mu je gidan da ba mu sani ba, tambayata ta farko kafin in sauke ta ita ce ko akwai ruwa a baya, domin shingena bai bi mu can ba. A gida kuwa takan tsaya a jikin sanduna ta saka fuska tsakani tana ƙirga kifi, kullum lissafinta bakwai ne ko da sun kai goma sha ɗaya. Badon ya saba da ragar, yana fitowa ta ramukan ya buɗe a sama.

Kowace Asabar nakan gwada ƙyauren sau uku: in buɗe shi duka in saki, in buɗe rabi in saki, in buɗe kamar tafin hannu in saki. Makon jiya gwaji na ukun ya faɗi. Ƙyauren ya tafi a hankali ya jingina da sakata bai faɗa ba, in ka hango daga nesa sai ka rantse a rufe yake. Tsatsa ta ci sifirin. Na datse kwaɗo, na je na samo sabo, na ɗaura, na ɗiga mai, na ja ƙyauren kaɗan na saki. Ƙas.

Daga tagar kicin mai ɗakina ta ce, "Sake, ban ji ba."

Na sake.